Mai Aron Ya Zo da Kansa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar wata Talata da hantsi, bayan ta kurɓi kunun tsamiya sau uku ta ce ya ishe ta, Allah Ya karɓi ran mahaifiyar maigidana, wadda mu da maƙwabta duk muke kira Inna. Jiya aka yi sadakar arba'in. An watse, an naɗe tabarmi an mayar wa masu su, maigidan ya koma hanya da motarsa, yara suna makaranta. Ni kaɗai ce a tsakar gida, ni da wata tsohuwar tukunya mai ciyawa a ciki. Shi ya sa na ɗauko biro, kada abin da na sani game da baiwar Allahn nan ya tsaya a cikina.

Kwana ukun farko gidanmu na Tarauni, a nan Kano, ya ga jama'ar da bai taɓa gani ba. Mutanen ƙauye suka sauka a tashar Unguwa Uku suka ƙaraso a ƙafa. Matan Gyadi-Gyadi, inda muka fara zaman haya, suka zo gaba ɗaya da kwanukan abinci. Kowa da abin da ya tuna. Mai kayan miyan bakin layi ya tsaya a soro yana cewa shi dai bai taɓa sayar mata da ko tattasai ba sai ta tambaye shi garin da aka noma shi, da ko an yi musu ruwa bana. Wata tsohuwa da suka yi ƙuruciya tare ta riƙa tafa hannu tana cewa, "Sai ni, sai ni kaɗai na rage," kamar wadda mota ta tashi ta bari a tasha. Auta, ƙanwar maigidana, wadda take zaune a ƙauye da marayunta huɗu, ba ta ɗaga murya ba. Ta jingina da ƙofar ɗakin Inna, in an ce ta ci abinci ta ce to, kwanon kuma ya huce a gabanta. Maman Tagwaye, wata Kirista 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Daurawa, ta yafa gyale ta zauna cikinmu tun safe har la'asar, in an ɗaga hannu ana addu'a ta sunkuyar da kai. Shi kuwa maigidana, ɗan Inna na fari, direban babbar mota ne, a hanyar Maiduguri saƙon ya same shi. Kafin ya iso an dawo daga maƙabarta.

A rana ta uku Baffa ya zo, ƙanen mahaifin maigidana. Da aka ce ga shi a soro sai hirar mata ta ɗauke, domin kowa ya san shekara shida rabon da ya tako inda Inna take. Ya ce a kira masa matar gidan. Na fita na durƙusa. Ya tsufa ƙwarai, da sanda a hannunsa. Na jira ya ce min ya haƙuri, bai ce ba. Sai ya dubi ƙasa ya ce:

"To. Mai aron Ya zo da kansa."

Ya sa hannun riga ya goge ido. Matan da ke leƙe ta bayan labule suka hau gunaguni. Wata ta ce ruɗin tsufa ne, wata ta ce gatse ne ya kawo har gidan mutuwa. Mu uku ne kawai a gidan muka san inda maganar ta fito, ni da Auta da Maman Tagwaye.

Inna ta dawo hannunmu a shekarar da soja suka koma bariki, watanni kaɗan bayan rasuwar mijinta. Ƙafafunta sun fara kumbura, asibiti kuma yana birni. Ta iso Gyadi-Gyadi hotunan 'yan takara ba su gama ɓanɓarewa daga bango ba. Kayanta ƙulli ɗaya ne, sai buta, sai tukunyar nan da na ambata. A cikinta saiwar gamba ce da ƙasarta, irin doguwar ciyawar nan da ake dasawa a iyakar gona, ake kuma saƙa zana da ita. Maigidana ya yi dariya ya ce, "Inna, har ciyawa za ki kawo wa mutanen birni?" Ba ta dube shi ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ni ta duba ta ce, "Amarya, gaya wa mai motar nan ya ajiye min ita inda rana take faɗawa."

Amarya take ce min tun ranar da aka kai ni gidan ɗanta. Na haihu, na yaye, furfura ta fara leƙo min a gefen kai, ban tashi daga Amarya ba.

Zaman birni bai karɓe ta ba. Gidan haya ne, tsakar gidan duk siminti, takan ce tafin ƙafarta yana jin ƙishin ƙasa. In ta idar da sallar asuba sai ta fito ta dubi gabas, ta shaƙi iska, ta ce yau akwai ruwa ko babu, kuma sau da yawa ta fi mai rediyo dacewa. In hatsi ya zube, ko ƙwaya biyar ce sai ta tsince. Garin inji ta ce ba shi da ƙamshi, amma tana ci, kuma ba ta taɓa kushe girkina a gaban kowa ba. Maigidan yakan yi sati biyu, wani lokaci uku, a hanya. Mu biyu muke wuni, ita a kan buzunta bakin ƙofa tana jan carbi, ni ina aikina, sai mu yi rabin yini ba wadda ta ce uffan. Ban san shirun nan abokin zama ne ba sai yanzu da na ɗanɗana wanda ya biyo bayansa.

Kalma ɗaya ce ba ta rabuwa da bakinta, ita ce aro. In an yaba lafiyarta, ta ce ta aro ce. In an ce jikokinta sun girma, ta ce, "Na aro ne, Allah Ya bar mana su mu ɗan ƙara gani." Ban taɓa jin ta ce ɗakina ko zanena ba, sai dai ɗakin da nake kwana, zanen da nake ɗaurawa. Kayan aron mutane ma ba ta wasa da su. Wata rana na aro rariya wurin matar ɗakin kusa da mu, ina gama tankaɗe wata maƙwabciyar ta leƙo tana nema, na miƙa mata. Inna ta dakata da carbi.

"Amarya, rariyar wa kika bayar?"

"Ta matar ɗakin can ce, Inna. Yanzun nan za ta dawo da ita."

"Tashi ki karɓo. Ki mayar wa mai ita, ita ta bayar in ta ga dama. Abin da ba naki ba, ba ki da hannun bayar da shi."

Na tashi na karɓo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekararmu ta biyu tare na haifi ɗa namiji, ya kwana biyu ya koma. Maigidan yana hanya. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ba ni da mai zuwa min zaman jego. Wasu mata suka ce tunda babu jariri, wankan sati ɗaya ya wadatar. Inna ba ta yi musu da kowa ba. Kullum da sassafe, da ƙafafun nan nata masu kumburi, za ta hura wuta ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta yi min wanka da hannunta, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Kwana arba'in cif, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ranar da na kasa daurewa na fashe da kuka ana tsakar wankan, ta ajiye ganyen ta riƙe kaina a ƙirjinta, abin da ba a saba gani tsakanin surukai ba, ta ce, "Aro ne, Amarya. Kwana biyu aka ce ki riƙe, kin kuwa riƙe da kyau. Ni uku na mayar." Sai ranar na san ta binne 'ya'ya uku. Maganar nan ita ta tashe ni daga tabarma.

Akwai abu ɗaya da ta baro a ƙauye wanda hankalinta bai taɓa barinsa ba, gayaunarta. Gidansu gandu suke yi, babbar gona ɗaya ta gida, maza su noma tare a ci tare. Gayauna kuwa ɗan yanki ne da maigida yake yankar wa mutum ya noma abinsa shi kaɗai. Ta Inna mijinta ya yanka mata shekarar da ta haifi maigidana, daga bakin hanya, ya kewaye ta da gamba. Da mijin Auta ya rasu ta dawo gida da 'ya'ya huɗu, gayaunar nan ce ta riƙe su: gero, wake, 'yar gyaɗa, da kuɓewa a gefe. Duk kaka Auta takan aiko da ɗan abin da ya samu a buhu. Inna ta zazzage shi a faifai, ta tattara 'yar ƙasar da ta kwanta a gindin buhun, ta zuba wa gambarta a tukunya.

Bayan dawowar farar hula sababbin masu hali suka fara bin gonakin bakin hanya, suna saye suna zagayewa da bulo. Baffa ne babba a gandu a lokacin, 'ya'yansa duk sun taho birni acaɓa, ba mai kama masa fartanya. Wani ya taya gandun, amma ya ce sai an haɗa masa da bakin hanya. Ba zan zalunci Baffa ba. A gidaje da yawa gayauna aron gandu ce, in wanda ya yanka ya mutu sai ta koma cikin uwarta, shi kuma a kan wannan ya tsaya.

Daidai lokacin ne wasu ƙungiyoyin manoma na nan gida, da suka haɗa hannu da takwarorinsu na ƙasashen waje, suka shiga ƙauyukan wajen. Aikinsu su taimaki talaka, musamman matan da mazansu suka mutu, ya sami shaidar gonarsa a rubuce, da hannun dagaci da na shaidu, tun kafin a sayar da ita a kansa. Auta ta je, aka ce mai gonar ce za ta amsa da bakinta. Mai gonar kuwa tana Kano, lokacin mun tashi daga Gyadi-Gyadi mun dawo Tarauni. Wata rana bayan azahar sai ga wata mata ta yi sallama, da jaka da fom a hannu. Ranar muka fara ganin Maman Tagwaye, ma'aikaciyar ƙungiyar ce.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta yi bayanin abin da ya kawo ta. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce:

"To su mutanen ƙasashen wajen nan da ba su taɓa cin tuwon gidanmu ba, me ya haɗa su da gayaunar tsohuwa?"

"Mama, ai ba ke kaɗai ba ce. A ƙasashe da yawa akwai tsofaffi irinki, iyakar gonarsu a bakin mutane take, ba ta cikin takarda. In masu bakin suka mutu, shi ke nan."

"Allah sarki. Su ma gero suke shukawa?"

"Wasu masara, wasu shinkafa."

"To Allah Ya ba su damina mai albarka."

Tun daga ranar ta sa su a addu'arta. In ta gama jero 'ya'ya da jikoki sai ka ji ta ce, "da matan can masu shinkafa."

Aka zo kan tambayoyi. Na kawo zoɓo na zauna a gefe, ina ganin fom ɗin sarai, domin na yi sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado. Akwai layin da aka tambayi yadda mutum ya sami gonar, da gidaje biyar a gabansa: gado, saye, kyauta, jingina, aro.

"Mama, gonar nan taki ce?"

"Ta aro ce, 'yar nan."

Maman Tagwaye ta ɗaga kai. "Aro? To mai ita yana raye?"

"Raye kuwa! Mu ne dai masu tafiya."

Biro ya sauka a gida na biyar.

Na gani da idona. Na san Wanda Inna take nufi, na kuma san abin da takarda za ta nufa. Bakina ya buɗe ya rufe. Yaya zan gyara wa uwar mijina magana a gaban baƙuwa? Kuma wace maganar, wadda ta share min hawaye ranar jego? Na ce a raina in na raka ta soro zan gaya mata. Na raka ta, har da ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da Inna ta ce a ba ta, amma da na zo faɗa sai na ji kamar zan ci naman Inna a bayan idonta. Na rarrashi kaina da cewa takarda ce irin ta 'yan siyasa, a cike a jefa a kabad.

Ba ta kwanta a kabad ba. Bayan wata biyu Auta ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, ta zube a gaban Inna. An karanta takardun a zauren dagaci a gaban jama'a, haka tsarin yake, don mai ja ya ja. Da aka zo kan ta Inna aka ce ta aro ce, mai ita kuma yana raye, sai Baffa ya miƙe ya ce alhamdu lillahi, gaskiya ta fito daga bakin matar yayansa, mai gonar da ke raye ai shi ne. Dagaci ya ba da sati biyu. In Inna ba ta zo ta warware ba, gayauna ta koma gandu, gandu kuma ya tafi hannun mai bulo.

"Inna, ina zan kai yaran nan?" in ji Auta. "Me zan dafa musu, bulo?"

Da Auta ta juya, na durƙusa gaban Inna na faɗa mata duk abin da na gani a fom ɗin na kasa faɗa. Ba ta yi min faɗa ba. Na ce to ta taimaka ta je ta ce tata ce, kalma biyu ce kawai.

"Ni da furfurata in tsaya gaban maza in ce na mallaki ƙasa? Ƙasar da gobe ita za ta mallake ni?"

"Inna, ai marigayi Baba ya ba ki."

"Ya ba ni in ci, na kuwa ci. Ni dai a bar yarinyar nan ta yi nomanta."

Ban san lokacin da murya ta ƙwace min ba. Na ce, "Wallahi Inna wannan aron naki shi zai raba marayu da tuwonsu."

Ta dube ni. Sannan ta ce, a hankali, "Ranar da na faɗa miki shi a kan jaririnki, ba haka kika ce min ba."

Daga ranar ta daina kirana Amarya. In na kai mata abinci ta ce an gode, kamar baƙuwa. Tana bakin ƙofarta, ina bakin murhuna, taku biyar ne tsakaninmu amma kamar gari da gari. Maigidan yana hanya, wayar hannu ba ta zo gidanmu ba tukuna, ba wanda zan gaya wa. A rana ta huɗu Maman Tagwaye ta zo idonta ja, labari ya je ofishinsu. Ta ce laifinta ne da ba ta ƙara tambaya ba, ta roƙi Inna ta bari ta kai mu ƙauyen. Inna ta ce, "Zan je, don kada a ce 'yar mutane ta yi ƙarya a aikinta. Amma abin da na faɗa shi zan faɗa."

Zauren dagaci ya cika. Maza a kan tabarmi, mu mata a rakuɓe bakin ƙofa, Inna aka ba ta kujera 'yar tsugunno saboda ƙafa. Maman Tagwaye ta fara, ta ce kuskuren bironta ne. Baffa ya ce, "Malama, biro ba shi da kunne. Abin da baki ya faɗa shi hannu ya rubuta." Dagaci ya juya wajen Inna.

"Inna, kin ji. Gonar nan ta aro ce?"

"Ta aro ce, ranka ya daɗe."

Auta ta ɗora hannu a ka.

"Amma Mai ita in Ya tashi karɓar abinsa, ba ƙanen mijina zai aiko ba. Da kansa zai zo."

Zauren ya ɗauki dariya, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Baffa bai yi ba. Dagaci ya bari aka lafa, ya ce, "Wannan amsar ta fi ƙarfin takarda, Inna, ba ta da gidan da za a sa ta. Ni tambayata ta duniya ce. Taki ce ko ba taki ba?"

"Ni dai a bar wa yarinyar nan ta ci da marayunta."

"Ba ki amsa ni ba."

Ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Na ga Baffa ya fara tattara babbar rigarsa, na ga mai rubutun dagaci ya gyara takarda a cinya. Ni da na kasa magana a gaban mace ɗaya a tsakar gidana, sai kawai na ji muryata a gaban mazan gari.

"Inna, rariyar nan."

Duk aka juyo.

"Ke kika ce min abin da ba nawa ba, ba ni da hannun bayar da shi. In ta aro ce, da wane hannu za ki ba Auta?"

Har gobe ina ganin kallon da ta yi min. Leɓunanta suka yi ta motsi ba a jin abin da take faɗa. Can ta ajiye carbin a cinya, ta ɗaga kai ta dubi dagaci.

"Tawa ce."

Ko numfashi ba ta ja ba ta ɗora, "Na ba Auta, halak malak. Ku shaida."

Baffa ya ce wannan magana ce ta yau, ina shaidar cewa yayansa kyauta ya yi? Sai a lokacin Inna ta juya ta dube shi.

"Ranar da yayanka ya dasa gambar nan, wa ya riƙe masa kwando? Kana saurayi, kana ta mitar rana ta yi zafi. Da ya dasa ta ƙarshe, me ya ce min?"

Baffa ya dubi ƙasa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Cewa ya yi, ko bayan raina." Ya ɗauki takalmansa ya fita.

A mota har muka wuce Wudil ba abin da ke fita bakinta sai istigfari. Sai da muka hango Unguwa Uku ta taɓa gwiwata.

"Amarya."

Wallahi sai da hawaye ya zubo min.

"Kin sa na yi da'awa a gaban maza."

"Ki yafe min, Inna."

"To. Allah dai Ya gani, ko tsawon shan ruwa ban riƙe ta ba."

Takarda ta fito da sunan Auta, da hannun dagaci da na shaidu, da zanen iyaka ta kowace kusurwa. Auta ta kawo mata ta gani. Inna ba ta karatun boko, ta juya ta gaba da baya, ta kai hanci ta ce ba ta ƙamshin ƙasa, sannan ta ce a naɗe ta a leda a sa a adaka saboda gara. Mai saye ya janye, gandu bai sayu ba, Baffa ya ɗauke ƙafa. Inna kuma ba ta sake ganin gayaunar ba, ƙafa ta ƙi. Duk Salla takan ƙulla goro da ɗan turare ta ba Auta ta kai wa Baffa. Ba a taɓa dawo da ƙullin ba, ba a kuma taɓa aiko da godiya ba. In Auta ta zo, bayan ta tambayi ruwa da gero, sai ta kau da kai ta ce, "Shi wancan yana cin abinci kuwa?" A duk gidan nan nasu Baffa kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga shigowarta tana amarya. In an yi sallama a soro da muryar tsoho, nakan ga ta tsayar da carbi ta kasa kunne, sannan ta ci gaba.

Da ciwo ya kwantar da ita ta ce in matso da tukunyar inda za ta riƙa hangowa daga gado. Safiyar Talatar nan, da na ɗauke kofin kunun, ta tambaye ni ko an yi ruwa a gida. Na ce Auta ta ce an yi. Ta ce alhamdu lillahi. Na fita in ɗauraye kofin, na dawo na tarar an gama.

Ranar da Baffa ya faɗi maganarsa a soro, na shiga na kawo masa ruwa. Ya sha, ya daɗe riƙe da kofin. Da ya dogara sanda zai miƙe sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gambar gabas ta mutu wuri biyu bara. Na dasa wata, ta kama. Na so in zo in gaya mata. Ina ta cewa sai kaka." Na ce masa tana yawan tambayar ko yana cin abinci. Ya gyaɗa kai, ya fita a hankali, na tsaya ina jin ƙarar sandarsa har ta ɓace a layi.

Maigidan ya ce in ya dawo zai kai tukunyar ƙauye a dasa gambar a cikin 'yan uwanta. Na ce ya bar min ita tukuna. Kullum da safe ina zuba mata ruwan da ya rage a buta, in dubi gabas, amma ni ban iya gane ko akwai ruwa ba. Yanzu ba mai kirana Amarya.

Allah Ka jiƙan Inna, Ka haskaka makwancinta, Ka yalwata mata ƙasar da ta koma ciki. Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da nawa ɗaya. Ka bar wa Auta gonarta, Ka sassauta wa Baffa, Ka ba matan can masu shinkafa damina mai albarka, tunda mai yi musu addu'ar ta tafi.

Masu zuwa gaisuwa suna ta ce min in yi haƙuri, aro ce aka ba mu, Mai ita Ya karɓa. Na sani, ita ta koya min. Shekara tara aka ce in riƙe. Amma da za a zaunar da ni a zaure a yi min tambayar duniya, a gaban ko maza nawa ne, ba zan sake yin shiru ba. Inna tawa ce.